DARASIN UWARGIDA: Lafiyar Iyali Da Juyawar Yanayi, Abin Da Ke Wajen Sinawa Da Abin Da Ke Gidanmu

  

Abin da ya jawo darasinmu na wannan fitowa wata 'yar ƙaramar leda ce. Ranar wata Asabar, bayan mun tashi daga darasin Fiƙihu a ajin matan aure da nake koyarwa a nan Ƙauran Namoda, sai wata baiwar Allah ta tsaya har kowa ya watse. Ta ciro wani kwali daga cikin leda, rubutun jikinsa duk na Sinanci ne, ta ce: “Malama, don Allah duba man wanga. A kasuwa aka sawo man shi, an ce shayin Chana ne, yana rage teɓa, yana maganin sanyi, yana gyara mace. Ya halatta in sha?” Na juya kwalin gaba da baya, babu lambar NAFDAC, babu ranar lalacewa da zan iya karantawa. Na ce mata ta ajiye shi tukuna, amsar tana da tsawo. To ga amsar nan, na kawo ta fili don sauran 'yan'uwa su ma su amfana.

Da yawanmu mun taso muna jin maganar nan ta a nemi ilimi ko da a ƙasar Sin ne, ana cewa hadisi ne. Malaman hadisi sun ce bai inganta ba, har Ibnul Jauzi ya sanya shi cikin littafinsa na ƙagaggun hadisai. Amma rashin ingancinsa bai hana mu duba abin da mutanen waccan ƙasa suke da shi ba, mu ɗauki mai kyau mu zubar da marar kyau, musamman yanzu da kayansu suka cika ɗakunanmu, tun daga atamfa da kwanuka har zuwa magani.

YADDA SINAWA SUKE KALLON LAFIYA

Maganin gargajiyar Sinawa tsohon abu ne. Babban littafin da suke komawa gare shi, wanda suke kira Huangdi Neijing, ya haura shekara 2,000 da tattarawa. Ginshiƙin tunaninsu shi ne jikin ɗan Adam yana tafiya ne tsakanin abubuwa biyu da suke kira yin da yang, wato kusan abin da mu za mu ce sanyi da zafi. Idan suka daidaita akwai lafiya, idan ɗaya ya rinjayi ɗaya sai ciwo ya shigo. Don haka suka kasa abinci ma haka: citta mai zafi ce, kankana mai sanyi ce. Suna cewa lokacin sanyi a kwanta da wuri, a rufe jiki, a sha abu mai ɗumi. Lokacin zafi a yi sammako, a ci abu marar nauyi. Suna kuma da tsira ƙananan allurai a wasu gurabe na jiki, da yin ƙaho irin na wanzamanmu.

Duk wadda ta zauna da kakarta za ta ce ai wannan ba baƙo ba ne. Mu ma muna cewa “sanyi ya kama ta”, “zafi ya yi mata yawa”. Likitocin Musulunci na farko irin su Ibnu Sina sun yi bayanin jiki da zafi da sanyi da danshi da bushewa. A nan ƙasarmu ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta littattafai da dama a kan magani, har da na ciwon ido da na basir, 'yar'uwarsa Nana Asma'u kuma ta yi rubutu a kan neman waraka da surorin Alƙur'ani. Ashe ke nan kula da lafiya gadonmu ne, mu mata ma muna da kaso a ciki.

Sai dai a lura, wannan bayani na zafi da sanyi mutanen da suka yi shi ba su san ƙwayoyin cuta ba, domin ba su da na'urar ganinsu. Sun lura da kyau cewa kowane lokaci na shekara da irin ciwon da yake zuwa da shi, a nan sun yi gaskiya. Amma dalilin ciwon, ilimin likitanci na yau ya fi su saninsa.

LABARI BIYU DAGA MAGANIN SINAWA

Na farko labari ne mai daɗi. A shekarar 1967 gwamnatin Sin ta kafa wani shiri na neman sabon maganin zazzaɓin cizon sauro, saboda tsohon maganin ya fara daina aiki. Cikin masu binciken akwai wata mace mai suna Tu Youyou. Ita da abokan aikinta suka bi tsofaffin littattafai suna gwada tsirrai ɗaya bayan ɗaya. Wani ganye da suke kira qinghao, ɗan'uwan tazargaden da muka sani, wani lokaci ya yi aiki wani lokaci ya ƙi. Sai ta ci karo da bayanin wani masani mai suna Ge Hong wanda ya rayu fiye da shekara 1,600 da suka wuce, inda ya nuna jiƙa ganyen ake yi a matse ruwan, bai ce a dafa ba. Nan ta gane cewa tafasawar da suke yi ce take ɓata sinadarin. A 1971 ta tato shi ba tare da zafi mai yawa ba, ya kashe ƙwayar cutar a jikin dabbobin gwaji, har ta gwada shi a jikinta kafin a ba marasa lafiya. Wannan sinadari, atimisinin, shi ne ginshiƙin haɗin maganin da ake kira ACT, wanda ake ba 'ya'yanmu a asibiti yau idan gwaji ya nuna zazzaɓin cizon sauro. A 2015 aka ba wannan mata kyautar Nobel.

Na biyu kuwa na tausayi ne. A farkon shekarun 1990, a ƙasar Beljiyam, an ba wasu mata haɗin maganin rage ƙiba mai ɗauke da tsirran Sin. Ashe an yi kuskure an musanya wani tsiro da wani saboda sunayensu sun yi kama a Sinanci, wanda aka sa ɗin kuma yana da guba mai cin ƙoda. Mata fiye da 100 ƙodarsu ta taɓu, da yawa sai da aka koma yi musu wankin ƙoda ko dashe, wasu kuma daga baya ciwon daji ya kama su a hanyar fitsari.

Ki duba, 'yar'uwa: duka biyun ganye ne, duka biyun daga ƙasa ɗaya. Bambancinsu shi ne ɗaya an gwada shi, an san abin da ke cikinsa, an san gwargwadon da za a sha; ɗayan kuwa an sha shi a kan “an ce”. Shi ya sa har ganyen qinghao ɗin kansa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a dafa shi kamar shayi a sha don zazzaɓi ba, domin ƙarfinsa ba ya daidaita, yana iya kwantar da zazzaɓin bai kashe ƙwayar duka ba, sai ta saba da maganin. Haka abin yake ga namu na gida. Kwallin dutse da muke sa wa jarirai, gwaje-gwaje sun sha nuna wani yana ɗauke da dalma, mu Zamfarawa kuwa mun san aikin dalma tun abin da ya faru a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu.

SABUWAR SHEKARARSU DA TAMU

Duk wadda mijinta ko ɗan'uwanta yake saro kaya a Kantin Kwari ta taɓa jin ana cewa “Chana sun tafi hutu, kaya za su yi wuya.” Wannan hutun sabuwar shekararsu ne, lokacin da masana'antu da shagunan birane irin su Guangzhou suke rufewa, mutane su koma garuruwansu. Su ma da wata suke lissafi, wata 12 kamar mu. Bambancin shi ne su kusan duk bayan shekara uku suna ƙara wata na 13, don shekarar ta riƙa tafiya tare da yanayi. Shi ya sa kullum sabuwar shekararsu take faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, ƙarshen sanyinsu. A 2026 ta kama ranar 17 ga Fabrairu, kuma wannan jinjirin watan ne ya shigo mana da Ramadan na 1447.

Mu kuwa ba ma ƙara wata. Larabawan jahiliyya sun kasance suna jinkirta watanni masu alfarma yadda suka so, aya ta 37 ta Suratut Tauba ta hana wannan. Lissafin shekarar Hijira kuma Sayyidina Umar (RA) ne ya tsayar da shi a zamanin halifancinsa. Shekararmu kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta rana da wajen kwana 11, don haka take zagaya yanayi duka cikin kimanin shekara 33. Masu shekaru irin nawa za su tuna mun yi cika-ciki a Janairun 2009 cikin tsananin hunturu, ga shi a 2025 mun yi shi a Yuli ana tsakar ruwa. Wannan ke nuna mana watan Musulunci na ibada ne, ba da shi ake gane yanayi ba. Don sanin yanayi, malamanmu da manomanmu taurari 28 suke ƙirgawa, bakwai ga kowane yanayi, kowane tauraro kwana 13, irin su Surayya a ƙarshen bazara da Haƙa'a a farkon damina. Abin mamaki, Sinawa ma suna da masaukan wata 28, kuma sun kasa shekarar rana kashi 24 don noma da kula da jiki.

A bikin nasu suna share gida tas kafin ranar, dangi su haɗu a ci abincin dare tare, manya su ba yara kuɗi cikin jar ambulan, a yi kwana 15 ana ziyara. Amma a ciki akwai camfi da bautar da ba tamu ba: ba sa shara ranar farko wai kada a share arziki, suna kunna abubuwan fashewa don korar mugun abu, suna miƙa abinci ga kakannin da suka mutu, suna danganta halin mutum da dabbar shekarar da aka haife shi. Musulma ba ta da rabo a cikin waɗannan.

Kafin mu yi musu dariya, mu leƙa tukunyarmu. A watan Muharram muna da cika-ciki: a ciro wutsiyar ragon layya da aka adana, a yi tuwo mai yawa, a ce wanda bai ƙoshi ba a daren zai shekara da yunwa. Taubasai kuma su bi juna kuɗin shara. Zumuncin da ke ciki abu ne mai kyau, ciyar da iyali da maƙwabta ma haka, ko da yake malamai sun yi saɓani a kan ingancin hadisin yalwata wa iyali ranar Ashura. Amma cewa ƙoshin dare ɗaya ne yake yanke arzikin shekara, wannan camfi ne, ɗan'uwan na masu ƙin shara. Abin da ya tabbata shi ne azumin ranar 10 ga wata, wanda hadisin Muslim ya nuna yana kankare zunuban shekarar da ta wuce, a haɗa da ranar 9. Ɗura wa yara abinci har su kwana suna amai kuwa ya saɓa wa koyarwar Manzon Allah (SAW) ta a raba ciki uku, tsakanin abinci da ruwa da numfashi.

YANAYI HUƊU DA AIKIN UWARGIDA

Yanzu bari mu zo ga abin da ya fi shafar mu. Mu ɗauki wannan hikima ta shirya wa yanayi kafin ya zo, mu ɗora ta a kan ƙasarmu, daga Ƙaura zuwa Zurmi har Shinkafi.

1. HUNTURU (Nuwamba zuwa Fabrairu). Lokacin ƙura da iska mai bushewa ne: mura, tari, tashin asma, faso da tsagewar leɓe. A nan kayan yajinmu suna da rana. Kunu ko shayi mai citta da kanumfari da masoro yana ɗumama jiki yana sauƙaƙa maƙogwaro, man kaɗanya kuma ya ishi fata. Zuma tana taimaka wa tari, amma ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba. Abu biyu nake jan kunne a kansu. Na ɗaya, kaskon gawayi a rufaffen ɗaki: yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutane su kwanta barci a wayi gari babu su. A ɗumama ɗakin a fitar da wutar kafin a kwanta, wannan ya kare mu daga gobara da ƙunar yara ma. Na biyu, yaron da yake tari idan kika ga numfashinsa yana sauri, ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki idan ya ja numfashi, wannan ya wuce mura, alamar namoniya ce. Asibiti ake zuwa a ranar.

2. BAZARA (Maris zuwa Mayu). Zafi yakan haura digiri 40 a yankinmu. A yawaita shan ruwa, a taimaka da zoɓo da tsamiya da kunun zaƙi, a kula da tsofaffi da masu ciki. Jaririn da bai kai wata 6 ba nono kawai ya ishe shi, ko da zafi ya kai ina. Uwar ce za ta ƙara shan ruwa ta ƙara ba shi mama. Babban abin tsoro a wannan lokaci shi ne sanƙarau. A 1996 ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu. Annobar da ta ɓarke a ƙarshen 2016 kuwa daga ƙaramar hukumar Zurmi aka fara samun rahotonta, kafin tsakiyar 2017 an lissafa mutum fiye da 14,000 da ake zaton sun kamu a faɗin ƙasa, fiye da 1,100 sun rasu, kuma Zamfara ce ta fi kowace jiha jin jiki.

Ba na manta wata maƙwabciyarmu a waccan shekara. Ɗanta mai shekara shida ya kwana da zazzaɓi da ciwon kai, da safe wuyansa ya sanƙare. Aka ce iska ce, aka yi kwana biyu ana turare da shafe-shafe. Ran na uku aka kai shi asibiti. Allah Ya tashi kafaɗunsa, amma har yau ba ya ji. Uwar takan ce da ni: “Malama, kwana biyun nan su ne ke ci mani rai.” Sanƙarau ƙwayar cuta ce da take bi ta numfashi, busasshiyar iska da ƙura suna raunana cikin hanci da maƙogwaro, cunkoso a ɗaki marar taga kuma ya sauƙaƙa mata yaɗuwa. Alamominsa zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, sanƙarewar wuya, amai, ƙin haske, suma ko fizge-fizge. Ga jariri kuma maɗiga takan kumbura. Yana iya kisa cikin kwana ɗaya, alhali akwai allurar da ke maganinsa in an je da wuri. A yi addu'a, a yi tofi, amma a kan hanyar asibiti. Rigakafi ma akwai: a 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kariya daga nau'i biyar na ƙwayar. Ƙyanda ma lokacinta ke nan, allurarta kuma a wata 9 ne da wata 15.

3. DAMINA (Yuni zuwa Satumba). Ruwa ya sauka, Gagare da Bunsuru sun kawo, kududdufai sun cika, sauro ya samu gida. Kowa ya kwana cikin gidan sauro, musamman mai ciki da ƙananan yara. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 maganin kariya daga zazzaɓi sau ɗaya a wata a lokacin damina, shi ne wanda ma'aikata suke bi gida-gida da shi. Na kwana uku ne: su ba da na ranar farko, ke ki ba da na rana ta biyu da ta uku. Da yawanmu a nan muke sakaci, a jefa sauran a cikin kwalla a manta. Idan kuma zazzaɓi ya zo, a yi gwaji kafin a sha magani, a kuma shanye shi duka ko da jiki ya yi sauƙi.

Sai amai da gudawa, wanda a 2021 ya kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan. A tafasa ruwan sha ko a sa masa maganin tsarkake ruwa, a wanke hannu da sabulu bayan bayan-gida da bayan wanke wa yaro, da kafin taɓa abinci. Kowane ɗaki ya kamata a samu ƙullin gishiri da sukari na asibiti. In babu, a haɗa: ruwa mai tsafta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. A riƙa ba da shi kaɗan-kaɗan ana tafiya asibiti, kada a daina ba da nono. Damina kuma ita ce lokacin da rumbu yake yin ƙasa, tamowa ta kama yara. Allah da ikonSa a lokacin ne zogale da tafasa da rama da yaɗiya suke wadata. A yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, a sa wake da gyaɗa a kunun yara.

4. KAKA (Oktoba zuwa Nuwamba). Abinci ya zo gida, amma sauro bai tafi ba, kada a naɗe gidan sauro da wuri. Aikin wannan lokaci adana ne. Gyaɗa da masara in ba su bushe sosai ba suna yin fumfuna mai guba da ke lalata hanta tana hana yara girma. A shanya a kan tabarma ko leda, a tsince ruɓaɓɓu a zubar, kada a ce a yi ƙuli-ƙuli da su. Wake kuma a daina zuba masa fiya-fiya. Buhun nan mai leda biyu a ciki ko jarka mai murfi da iska ba ta shiga sun isa su kashe ƙwari. A busar da kuɓewa da kuka da zogale a inuwa saboda rani.

JEGO: INDA MUKA YI KAMA DA SU

Matan Sin suna da al'adar zaman wata guda a ɗaki bayan haihuwa: ba taɓa ruwan sanyi, ba shiga iska, sai abinci mai ɗumi da citta. Mu kuma muna da kwana 40 na wankan jego da ruwan zafi safe da yamma, da kunun kanwa, a wasu gidajen har da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Manufar ɗaya ce, kada sanyi ya shiga mai jego. Hutun da kulawar da mai gina jikin da ake ba ta alheri ne babba, kada mu yar da su. Amma tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga matan Hausawa bayan haihuwa, suka danganta shi da yawan kanwa da tsananin zafi, domin kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki ta ƙara wa zuciya nauyi. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai hannun wasu abubuwan ma, kamar rashin abinci mai gina jiki da hawan jini na lokacin ciki. Don haka a sassauta: ruwa mai ɗumi wanda ba ya ƙuna, kanwa kaɗan ko a bar ta, musamman ga mai hawan jini. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, take haki, ba ta iya kwanciya sai a jingine, ko tari ya hana ta barci, kada a ce “wanka ne bai karɓe ta ba” a ƙara wuta. Likita za a kai ta.

ABIN DA ZA MU RIƘE

Hadisin Bukhari ya sanar da mu Allah bai saukar da cuta ba face Ya saukar da maganinta. Neman maganin ke nan aiki ne a kanmu, kuma nema da ilimi ake yi. Ga abu biyar:

Na ɗaya, duk maganin da ba ki san abin da ke cikinsa ba, na Chana ne ko na Indiya ko na gida, kada ki sha, balle wanda aka ce yana maganin cuta goma. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ki nuna wa ma'aikacin lafiya.

Na biyu, mai ciki da mai shayarwa da mai ciwon ƙoda ko hawan jini ko ciwon sukari su fi kowa taka-tsantsan. In kina shan na gargajiya, ki gaya wa likita, kada ki ɓoye.

Na uku, ki shirya wa kowane yanayi tun bai shigo ba: rigar sanyi kafin hunturu, rigakafi kafin bazara, gidan sauro kafin damina.

Na huɗu, kowa ya san halin da hanyoyinmu suke ciki ta fuskar tsaro, fitar dare ta zama abin tsoro a wurare da yawa. Saboda haka ciwon da ya nuna alamar haɗari da rana kada a bar shi ya kai dare. Ki zauna da maigida cikin ladabi tun ana lafiya, ki nemi izininsa na tsaye cewa in ciwo ya taso ba ya nan, ki kai yaro asibiti ba sai an jira shi ba. Ki kuma ware ɗan abin da ya samu daga adashi ko sana'a saboda irin wannan rana.

Na biyar, in Muharram ya zo, a yi azumi, a sada zumunci, a ciyar, a bar camfi.

Ita kuwa mai kwalin shayi, da muka sake haɗuwa ta ce ta jefa shi a masai, ta koma rage tuwon dare da yawan zaƙi. Na ce mata wannan maganin ba shi da lambar NAFDAC, amma na yarda da shi.

Tambayoyin bita ga masu karatu a halƙa: Mene ne bambancin lissafin shekarar Sinawa da ta Hijira? Kawo alamomi huɗu na sanƙarau. Yaya ake haɗa ruwan gishiri da sukari a gida?

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa nawa ne, Allah Ya yafe mini. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya raya mana zuri'a, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.